Jarkar Tudun Baushe

Malam Labo bai yi boko ba, sunansa da lambobi kawai ya iya rubutawa, amma shekara ashirin da uku ya yi yana gwajin ruwa a Funtua, kuma masu digirin da aka riƙa kawowa ɗakin gwajin duk a hannunsa suka koyi riƙe kwalba. Wanda zai ji haushi ya ji. Gajere ne, baƙi, da 'yar furfura a haɓa, ga wata farar rigar aiki da ta sha wanki har wuyanta ya saki. In ka gan shi a bakin titi yana jiran Keke ba za ka ce ya san wani abu ba. Wannan labarin kuwa, da yayarsa Tsohuwa tana raye ba mai jin sa a bakin kowa. Bara ta rasu, shi ya sa yanzu ake iya faɗa.

A Tudun Baushe aka haife shi, wani ƙauyen Maguzawa can bayan Kafur, inda hanya ke mutuwa da zarar ruwa ya sauka. Uwarsu ta rasu yana rarrafe. Tsohuwa tana 'yar shekara sha ɗaya ta ɗauke shi ta goya, ita ke tauna tuwo ta sa masa a baki. Ruwan garin kaf daga tafki ɗaya ake ɗebo shi, don rijiya biyu da aka taɓa haƙawa dutse aka tarar. A tafkin nan shanu ke sha, yara su yi iyo, mata su yi wanki a gefe guda su ɗebi na sha a ɗaya gefen, wai su a dole sun raba. Da damina ruwan ya koma ja kamar kunun dawa. Tsohuwa ta haifi tara ta binne huɗu, duk gudawa ce, duk da damina.

Labo ya shigo Funtua yana saurayi, ya yi dakon dilolin auduga har bayansa ya soma ƙara, a nan ya musulunta, a nan ya yi aure. Da aikin auduga ya ja baya sai ya samu shara da wankin kwalabe a wani ɗan ɗakin gwajin ruwa mai zaman kansa. Wani Oga Chukwuma ne ke riƙe da wurin a lokacin. Shi ya lura mai sharar nan kullum sai ya jingine tsintsiya ya tsuguna yana kallon kwalabe, ran nan ya ce masa to zo ka zuba da kanka, tunda ka ƙi barin mu mu sha iska.

Aikin ba wani tsafi ba ne. Kwalabe shida ne masu faɗin baki a jere, kowacce a cika ta da lita ɗaya na ruwan da aka kawo, ruwan tafki ko na rafi ko na dam. A samansu akwai inji mai ƙananan maburgai shida. Kwalba ta farko ba a sa mata komai. Ta biyu a ɗiga mata ruwan alif kaɗan, ta uku a ƙara, haka har ta shida. A kunna inji ya burga da ƙarfi minti ɗaya, a rage shi ya riƙa juyawa a hankali minti ashirin, sannan a kashe a bar su rabin awa. To a nan ne lakar da ido ba ya iya rabewa take haɗuwa ta yi gudaji-gudaji kamar ɓarɓashin auduga, ta yi nauyi, ta sauka ƙasa. Sai a zuƙi na sama da sirinji a sa a mita, mita ta faɗi duhun ruwan da lamba. Lamba babba, ruwa ya ɓaci. Daga nan ake sanin yawan alif ɗin da ruwan yake buƙata.

Labo shi tsugunawa yake yi idonsa daidai da kwalaben, kamar mai leƙen kaji a akurki. Kafin mita ta buɗe baki ya riga ya ce, "Ta huɗu ce." Kuma ta huɗun ce. Yakan gaya wa sababbin zuwa, "Laka ba ta son garaje. Ka burga da ƙarfi ta watse, ka yi sanyi ta ƙi haɗuwa. Sai ka lallaɓa ta." Abu ɗaya kowa ya shaide shi da shi, bai taɓa rubuta lambar da idonsa bai gani ba. An sha kawo masa ruwan leda da 'yar magana a gefe, sai ya yi kamar kurma.

Shekara uku da suka wuce, farkon damina, wata ƙungiya ta zo da aikin gina tankunan tace ruwa. Ƙauyuka sha biyu suka rubuta, amma huɗu kawai za su gina wa, waɗanda ruwansu ya fi lalacewa. Ɗakin su Labo aka ba gwajin. Lokacin Madam Sekinat ce shugaba, Bayarabiya ce amma haifaffiyar Funtua, in tana Hausa a bayan labule ba ka cewa ba 'yar Malumfashi ba ce. Ita ta karanta masa sunayen, da ta zo na tara ta ɗago kai.

"Baba Labo, Tudun Baushe ba garinku ba ne?"

Ya ce ta sake karantawa. Ta sake. Sai ya zauna a kan kujerar roba ya cire hula ya riƙe.

"Madam, in dai ruwa mafi muni ake nema, ai mun ci tun kafin a fara."

Ta yi dariya ta ce, "Mutum na murna ruwan garinsu ya fi na kowa ƙazanta. To amma ka ji sharaɗinsu. Jarka ɗaya daga kowane gari, sau ɗaya, a rufe a manne. Kuma ɗan gari ba ya ɗebo na garinsu, kar ya dama laka ya ƙara. Buba zai je."

Buba shi ne ɗan mashin ɗin ofis, magidanci mai 'ya'ya biyar, mutumin kirki amma cikinsa ya fi shi ƙarfi.

Murna ce ta ja Labo ya yi abin da ya yi. Ya fita waje ya kira wayar jikan Tsohuwa ya ce a ba shi ita.

"Yaya, ranar Alhamis wani daga ofishinmu zai zo ɗibar ruwan tafki. Manyan mutane ne za su duba shi. Ku karɓe shi da kyau."

"Manyan mutane za su duba ruwanmu?"

"Su fa. Har daga Abuja."

Ta ce, "To Auta, Allah ya kawo shi."

Bai yi mata bayanin tanki ba. Yana so sai abu ya tabbata ya je da kansa ya faɗa mata yana kallon fuskarta.

Ranar Juma'a da safe jarkoki sha biyu suna jere a bango. Labo ya fara da ta ɗaya, bai tsallake ba, duk da idonsa na kan ta tara. Wannan ɗari uku, wancan ɗari huɗu da hamsin, wani ɗari shida da 'yan kai. Yana rubutawa yana cewa a ransa duk yara ne waɗannan, ku bari babansu ya iso. Bayan an sauko daga masallaci ya yanke mannen jarkar Tudun Baushe ya tuntsura ta a kwalba ta farko.

Ruwa ya zubo fari tas.

Ya tsaya da jarkar a hannu. Ya duba takardar jikinta, sunan garinsu ne, rubutun Buba ne mai kama da tafiyar kaza. Ya cika sauran kwalaben biyar, ya ɗiga alif, ya kunna inji, ya tsuguna. Minti ashirin maburgai na juyawa ba gudaji ko ɗaya, don ba abin da zai haɗu. Ta biyar da ta shida ma sai suka yi wani hazo-hazo kamar an wanke ƙwaryar nono a ciki, alamar alif ya yi yawa ke nan. Ya sa ɗanyen ruwan a mita. Tara. Ba ɗari tara ba, tara.

Sai ya yi abin da ya hana kowa yi a ɗakin nan, ya tsoma yatsa a kwalba ta farko, wadda shi bai sa wa komai ba, ya ɗora a harshe. Harshen ya ɗaure. Alif ne, kuma ya san hannun da ya jefa shi.

Ya samu Buba a ƙarƙashin dalbejiya yana goge mashin.

"Buba, kai ka ɗebi ruwan nan da hannunka?"

"Ni na kawo shi, Baba."

"Ban ce wa ya kawo ba."

Buba ya riƙa murza tsumma. Da ƙyar ya ce, "Wallahi Baba na nufi tafkin. Tsohuwar nan ce ta tare ni a bakin gari, ta ce baƙon ƙaninta ba zai taka taɓo ba tana raye. Ta ƙwace jarkar. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo dambu da zogale, ga 'yar kaza. Kafin in wanke hannu an kawo jarka a cike. Ni na ɗauka daga tafkin suka ɗebo. Baba ka rufa mini asiri, ka san yarana."

Labo ya juya ya bar shi a nan. Ya koma ciki ya zauna gaban fom da biro a hannu. Ya san ruwan nan kamar yadda ya san tafin hannunsa, da shi aka yi masa wankan farko ranar da aka haife shi. In ya rubuta ɗari takwas bai yi wa tafkin ƙarya ba, ya ma rage masa. Ba kowa a ɗakin, ya zubar da kwalaben a kwata shi ke nan. Har ya ɗora bakin biro a takarda ya yi ɗigo. Ni dai da ni ce, wallahi sai na rubuta. Shi kuwa ya daɗe yana kallon ɗigon nan, sannan ya ja shi ya mai da shi tara, ya ɗauki fom ya shiga ofishin Madam ya gaya mata komai, sunan Buba kawai ya roƙa a sassauta.

Madam Sekinat ta dafe kai. Nan take a gabansa ta kira mutanen ƙungiyar, ta yi Turanci ta yi Hausa, har ta miƙe tsaye tana magana. Da ta ajiye wayar ba ta iya kallonsa ba.

"Sun ce in aka sake wa gari ɗaya, sauran sha ɗayan ma za su ce a sake. Kuma sun tambaya, wai ba garin mai gwajin ba ne? Na ce shi ne. Sai suka ce to kin gani."

"Madam, ai gyara ruwan aka yi, ba ɓata shi aka yi ba."

"Na faɗa musu, Baba. Sun ce a takardarsu ba wurin wannan."

Duk da haka washegari Asabar ya ɗauki jarka wankakkiya ya hau motar Malumfashi, daga nan zuwa Kafur, daga Kafur ya hau mashin, inda mashin ya kafe ya naɗe wando ya taka. Masara ta kai gwiwa ko'ina. Ya bi ta tafki tukuna ya cika jarkarsa a daidai inda mata ke ɗiba, ya ɓoye ta a gindin wata kuka, sannan ya shiga gida.

Tsohuwa tana tsakar gida tana tsince wake. Ta tsufa sosai lokacin, ido ɗaya ya yi yana. Tana ganin sa ta washe baki.

"Auta, ashe kana tafe. Baƙonka ya isa lafiya? Wannan mutum akwai ci, Allah ya sa masa albarka, har ƙashin kazar bai bari ba."

"Ya isa, Yaya. Yana godiya."

"Ruwan fa? Manyan sun gani?"

"Sun gani."

Ta ajiye faifan ta matso, ta rage murya kamar mai ba da labarin wata dabara. "Tun ranar Talata na sa aka ɗebo. Na tace da sabon kallabina sau uku, na zuba a randar da ban taɓa sa wa komai ba. Na aika Kafur aka sayo alif, ban yi ƙwauro ba, na jefa mai kyau. Kwana biyu yana kwance. Da na kwashe na sama, kai ka ce ruwan ƙanƙara. Na ce ba dai a kai wannan jan abin gaban manya ba, a ce ga abin da dangin Labo ke sha, su riƙa kallonka a ofis suna toshe hanci. Na fitar da kai kunya ko ban fitar ba?"

Labo ya kalli hannayenta, duk sun yamutse, yatsun sun karkace.

"Kin fitar, Yaya. Kin kyauta."

Ta kawo masa ruwa a kofin silba, ragowar na randar ne ta adana, ta ce wannan na baƙi ne, shi ma yanzu ai baƙo ne. Ya shanye.

Ranar Litinin tun kafin a buɗe shagunan layin ya gwada tasa jarkar. Mita ta ƙi karantawa, sai da ya surka ruwan da mai tsabta rabi da rabi, ya lissafa. Dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Kwalba ta shida ce kaɗai ta iya da shi, gudajin suka sauka suka yi tudu kamar kaurin yatsa biyu. Bai taɓa ganin gwaji mai kyau irin wannan ba, in ji shi, kuma ba wanda ya nema. Madam ta aika musu da sakamakon duk da haka, da wasiƙa mai shafi biyu. Ba su amsa ba. Da sunaye suka fito Tudun Baushe ce ta sha biyu, an ma rubuta a gefe wai ruwansu abin koyi ne.

Magana ba ta kwana a hanya. Ɗaya daga cikin tankunan huɗu a wani gari aka gina shi, tafiyar awa biyu daga Tudun Baushe, kuma mutanen can suka riƙa yi musu tsiya a kasuwar Kafur, wai ku da ruwanku abin koyi me za ku yi da tanki. Da Labo ya je gida bayan girbi, Mai'unguwa Ɗanasabe ya sa aka kira shi gindin tsamiya, dattawa na zaune.

"Labo, an ce kai ke duba ruwan."

"Ni ne."

"An ce kai ka rubuta namu ya fi na kowa kyau."

"Ni na rubuta."

"Da wane ido?"

Mai'unguwa ya ci gaba.

"Ko da yake kai yanzu ɗan birni ne, ruwan leda kake sha. Ka canza addini ba mu ce komai ba, ka canza riga ba mu ce komai ba. Ashe har tafkin da ya raine ka ka manta kalarsa. Jikokina biyu aka binne bana, ka je ka rubuta wannan ma."

Kalma ɗaya ce za ta wanke shi, kuma tana bakinsa. Amma da ya faɗe ta, tsohuwa mai ido ɗaya ce za ta ƙarasa kwanakinta mata na nuna ta da baki a bakin tafki, duk yaron da aka binne a ce alif ɗinta ne. Ita kanta ba za ta yafe wa kanta ba, ta san zafin binne ɗa har sau huɗu. Ya ce, "Ku yi haƙuri, kuskure na yi." Wani ya tofar da yawu. Ba wanda ya amsa masa sallamar tafiya.

Daga nan mutumin ya soma zubewa. Aiki dai yana zuwa, yana tsugunawa gaban kwalabensa, amma ya daina cewa ta huɗu ce ko ta uku ce, sai ya jira mita kamar kowa. Buba kuwa in ya hango shi sai ya canza hanya. Madam ta sake rubuta wa wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta ce aikinta bai kai Kafur ba, ɗaya ta ce a jira baɗi. Gida kuma Labo ya koma zuwa a sace, ya bi ta bayan gonaki ya shiga wurin yayarsa da ƙullin alif, ya nuna wa jikokinta yadda za su auna da murfin kwalba, ya fita kafin a gan shi. Sauran gidajen da ya aika wa, wasu sun karɓa, wasu sun mayar.

Zuwansa na ƙarshe kafin ta rasu, ya same ta a kwance a ɗaki, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Maganar gari ta daɗe da isa kunnenta, amma ba ta taɓa haɗa ta da jarkar Buba ba. A saninta manya sun ga ruwa mai kyau sun yaba, shi ke nan, maganar tanki kuma wata takarda ce daban da Labo ya cika. Ta sa aka fitar da yara, ta ce ya matso.

"Auta, ina so in tambaye ka, kar ka yi mini ƙarya. Da gaske kai ka rubuta wa masu tankin nan cewa ruwanmu lafiya lau?"

"Ni ne, Yaya."

Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Na san abin da ya sa. Kunya ka ji. Ka kasa buɗe baki a gaban manya ka ce ga abin da muke sha. Ni na goya ka, na san halinka, tun kana yaro ko yunwa kake ji a gidan mutane ba ka faɗa. Amma Auta, wannan karon da ka daure. Yara ne ke tafiya."

Ya ce, "Haka ne."

"To ni dai na yafe maka. Su ma za su huce. In wasu masu tankin suka sake zuwa, ka cire kunya ka faɗa musu gaskiya, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Ta saki hannunsa ta juya fuska bango. Ya zauna a gefen gadon har barci ya ɗauke ta, sannan ya ɗauki hularsa ya fita ta bayan gida. Kwana tara bayan nan aka kira shi a waya yana tsakiyar gwaji. Ya jira rabin awar ta cika, ya rubuta lambobinsa, ya wanke kwalabe shida ya kife, sannan ya je ya gaya wa Madam yayarsa ta rasu. A wurin binnewa ba wanda ya matsa masa a tabarma, a tsaye ya yi gaisuwa ya juyo. Tudun Baushe har yau daga tafki suke sha.